Irin Geron da Inna Ta Niƙa

Masu ɗaukar fim sun zo ƙauyenmu a bazarar da ta biyo bayan babban fari, lokacin da kwaɗon tafasa ya zama abincin yawancin gidaje. Suka ce fim suke haɗawa a kan gwagwarmayar talakawa ta zamanin haraji da aikin tilas, da waƙoƙin da aka yi ta da su. A Makoda aka gaya musu akwai wata tsohuwa mai waƙa a wajenmu. Mahaifiyata ake nufi.

Inna ba mawaƙiya ba ce. Tun ina goye aka ɗaure mahaifina a rana saboda ya ƙi barin gonarsa ya je noman gandun hakimi, daga nan aka wuce da shi gidan yari, ya dawo da tarin da ya zama ajalinsa. A lokacin namiji bai isa ya buɗe baki a waje ba, 'yan doka na nan. Amma ɗan doka ba ya shiga cikin gida. Sai Inna ta zuba baƙin cikinta a waƙar niƙa, maƙwabciya ta ji ta kan danga ta ɗauka, har waƙar ta kai Zakirai.

Shugaban masu fim ɗin, wani saurayi mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe ta.

"Baba, so muke duniya ta ji muryarki."

Aka shimfiɗa mata tabarma, aka kafa mata na'ura a gaba. Ta buɗe baki, waƙa ta ƙi zuwa. Ta ce ita ba ta taɓa yin ta a zaune hannu sake ba, sai tana kan dutsen niƙa. Saurayin ya yi murna, ya ce ai hakan ma ya fi kyau a hoto, a kawo hatsi.

A kawo hatsi! Rumbunmu ko ɓera ya daina leƙa shi. Abin da ya rage mana shi ne zangarniyar geron iri da na rataye a ɗaki, muna jiran ruwan shuka. Amma wa zai dubi baƙo ya ce masa gidan nan babu ko tsaba? Mu ba ma faɗin haka, ko za mu mutu. Na ce a zuba dusa, ai hoto ne. Inna ta harare ni.

"Ubanka zan yi wa waƙa a kan dusa? Sauko da geron nan."

Matata ta sussuka kaɗan, aka zuba. Inna ta durƙusa ta kama dutse, muryar ta fito kamar jiya aka kama mahaifina. Matan maƙwabta suka fara amshi daga bayan danga, ni kuwa na juya baya don kada a ga idona. Tana cikin yi zakara ya yi cara, aka ce a sake. Aka sake, sai wai rana ta haske mata fuska. Kowane "a sake" sai an ƙara gero, domin gari ba ya komawa tsaba. Kafin la'asar babu sauran zangarniya a ɗakin. Matata ta dama garin ta yi musu kunu, suka sha suna santi, suka yi godiya suka hau motarsu.

Da ruwa ya sauka na bi gidaje ina roƙon iri, kowa ta kansa yake yi. Ɗan abin da na samu bai rufe rabin gonar ba. A daminar nan ni da nake da gonar gado na koma ƙwadago a gonar jikan hakimin nan. Inna ba ta yi nadama ba. Kullum cewa take, "Ai za a ji."

Sai bayan shekaru fim ɗin ya iso wani gidan kallo a Gezawa. Idon Inna ya riga ya tafi, amma ta ce a kai ta, kunnenta lafiya lau. Na ɗauke ta a babur ranar kasuwa. Muka zauna muna sauraron masu manyan riguna, kowa yana ba da labarin yadda shi ya ceci talaka, ana kiɗa a tsakani. Can sai ga Inna a allon a durƙushe, ƙarar niƙa na tashi. Ta damƙe hannuna.

"Dutsena ne wannan."

Ta miƙa wuya tana jira. Bakinta na motsi a allon, amma ba a saka muryar ba. Wani kiɗan garaya mai sanyi aka ɗora, da muryar wani namiji yana zuba Turanci. Kafin ka ce me, an wuce zuwa wani mai babbar riga.

"Me mutumin ya ce?"

Na yi kamar ban ji ba. Ta girgiza ni, ta ce in ba zan faɗa ba za ta tambayi na kusa da mu.

"Inna, cewa ya yi matan karkara mutane ne masu haƙuri. Wai duk abin da aka yi wa mazansu, sun shanye shi ba su ce uffan ba."

 Ta lalubo sandarta ta miƙe.

"Tashi ka mai da ni gida," in ji ta. "Kada ka gaya wa matan nan da suka yi mini amshi."