Shekarar da Gwaggo Ba Ta Yi Shuka Ba

A 'yan shekarun nan ba mu taɓa rasa abin kunyar da za mu tattauna bayan la'asar a Sabon Birni ba. Yau a ce an cinye kwangilar hanya, gobe a ce maganin asibiti ya fita ta bayan katanga, jibi a ce wani babba ya sayi gida a ƙasar waje. Tun muna riƙe baki har muka daina. Labari zai fito a waya da safe, kafin azahar mun gano mai laifin ɗan wace jam'iyya ne, kuma da zarar mun gano kowa ya san abin da zai ce. In ɓarawon nasu ne, a tsine masa albarka. In namu ne, sharrin 'yan adawa ne, a jira bincike. Na fi kowa iya wannan aiki a majalisarmu, kuma a lokacin ina jin daɗin iyawar.

Majalisar a ƙofar shagon taubashina take, ɗan kawuna, tela ne a bakin kasuwa. Shi ɗan ɗaya jam'iyyar ne, wadda ta sauka daga mulki lokacin da tamu ta hau. Ni malamin makaranta ne. Ba ni da muƙami a jam'iyya, ko hula ba a taɓa ba ni ba, bakina kawai na ba su kyauta. Da yake ni da shi abokan wasa ne tun haihuwa, muna iya faɗa wa juna abin da wani ba ya iya faɗa, sai mutane suka mai da mu abin kallo. Yana taka keken ɗinki yana zagin gwamnati, ina kan benci ina rama mata, ana zuba shayi ana dariya. Wani lokaci a ɗauki muryarmu a waya a watsa.

A ranin shekarar da nake magana, 'yan bindiga suka shiga ƙauyen su Gwaggo, can gaba da Kurawa, suka ƙone rumbuna. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, ita ta goye ni lokacin da mahaifiyata ta yi doguwar jinya. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta ma ya bi shi, ita ke riƙe da jikoki da gona ɗaya. Duk shekara takan ware zangarniyar geron da ta fi kyau ta ajiye don iri, kuma ita ma wuta ta cinye ta. Mutanen ƙauyen suka gudu garin Isa, suka zauna a wani kangon gini da ba a ƙarasa ba. Na je na ce ta dawo gidana, ta ƙi. Ta ce ba ta rabuwa da mutanenta, ranar da za su koma tare za su koma.

Abin da ke ranta ɗaya ne, iri. Abinci dai ana samu ko ba yawa, daga dangi da masu tausayi, amma wanda bai yi shuka ba ya san shekara mai zuwa ma a kangon nan za ta same shi. Gab da damina dattawan ƙauyen suka samu wata lafawa da mutanen daji, aka ce a bana za a bar su su yi noma. A daidai lokacin gwamnati ta ba da sanarwar za ta raba wa 'yan gudun hijirar yankinmu irin gero mai saurin nuna. Na yi ta kurin wannan sanarwa a majalisa kamar daga aljihuna za a fitar.

Wata safiya na bi ta bayan tasha zuwa makaranta, na wuce ta ƙofar sito na wani jigo a jam'iyyarmu, wanda aka ce shi aka damƙa wa rabon. Sai na ga 'yan dako suna farke sababbin buhuna masu tambari suna juye su cikin tsofaffin buhunan sukari. Hannuwansu jawur har wuyan hannu. Ni ɗan manomi ne, na san jan maganin da ake cuɗa iri da shi don kada ƙwari su ci shi a ƙasa. Ba a cin irin wannan gero, shuka shi ake yi. A gefe kuma ga wata mota mai lambar Nijar ana yi mata lodi.

Jigon na tsaye yana duba aiki. Ya gan ni, ko ɗar bai yi ba.

"Malam, ka ishe mu cikin aiki," in ji shi.

Na ce, "Allah shi taimaka, ranka shi daɗe." Na wuce.

Ranar ban san abin da na koyar ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, wannan gaskiya ce, kuma Gwaggo ce a idona. Amma da na auna kaina zaune a majalisa ina cewa namu sun yi sata, sai na ga ba zan iya ba. Shekara da shekaru ina cewa mu daban ne. Me zan ce wa mutanen da nake kashe wa baki kullum? Sai dabara ta zo mini, kuma a lokacin na ɗauka dabara ce mai kyau. Tunda akwai wanda aikinsa ke nan zagin namu, in kai masa labarin ya faɗa, ni kuma in yi shiru. Gaskiya ta fito, mutuncina ya tsira.

Da na tashi daga makaranta na biya shagon taubashina tun kafin mutane su taru, na fake da aljihun riga da ya yage. Na gaya masa duk abin da na gani. Ya ɗaga ƙafa daga keke ya dube ni.

"To kai mi ya hana ka hwaɗi da bakinka?"

"Ka san matsayina."

"Wane matsayi? Kai da ko tabarma ba a shimhiɗa maka wurin taro." Ya yi dariya har da buga cinya. "Bar mani. Yau za ni cin namanku ɗanye."

Bayan la'asar majalisa ta cika, ya fara. Da ya tsaya a kan abin da na gaya masa, da wataƙila labarin ya bambanta, ko kuma ni nake so in ɗauka haka. Amma shi ma ɗan siyasa ne, ba ya iya ba da labari bai sa masa gishiri ba. Mota ɗaya ta zama jerin manyan motoci. Jigon ya samu abokan tarayya har a cikin gidan gwamnati. Ya rantse da idonsa ya gani.

Ba wanda ya girgiza. Wani dattijo mai sayar da goro ya ce, "Shekaranjiya magani, jiya taki, yau iri. Gobe kuma mi za su ɗauka, ruwan sama?" Aka yi 'yar dariya. Wani ya yi hamma ya tambaya ko shayin ya nuna. Mutanen nan ba mugaye ba ne, wasunsu ma danginsu na cikin kangon Isa. Sun gaji ne. An ba su labarin sata har kunnensu ya yi kanta, kuma mu biyun nan muna cikin waɗanda suka ba su.

Daga nan idanu suka juyo kaina, kamar yadda suka saba. Na sunkuyar da kai ina wasa da kofi. Niyyata in yi shiru, Allah ya sani. Sai wani matashi daga jam'iyyarsu ya ce, "Malam, yau an kashe bakinka ke nan?" Wani daga namu ya taɓa ni da gwiwar hannu. Na ji zafi ya hau mini wuya, irin zafin da nake ji duk lokacin da aka ce an ci mu. Kafin in ankara na gyara zama.

Na fara da ƙaryar da ya ƙara, don ita ce mai sauƙin kamawa. Ina jerin motocin suka bi da ba wanda ya gan su a garin da ko akuya ta ɓata sai an sani? Aka yi tafi. Da na ji tafin sai na zarce. Na ce iri yana hanya, rashin tsaron hanya ne ya jinkirta shi. Na ce duk wanda aka yi wa alkawari ya kwantar da hankalinsa, kada ya saurari masu neman suna da wahalar bayin Allah, irinsa zai iske shi har inda yake. Na yi magana mai daɗi ranar, ba na jin na taɓa yin wadda ta fi ta. Akwai waya a ɗage tana ɗauka, na gan ta kuma ban damu ba.

Taubashina ya tsaya da ɗinki yana kallona. Kalma ɗaya ta ishe shi ya gama da ni a gaban jama'a, ya ce ai wanda ya kawo labarin ke nan. Bai faɗa ba. Da aka watse sallar magariba na tsaya, na ce masa na gode, da murya ƙasa-ƙasa.

"Kada ka gode mani," in ji shi. "Lokacin da namu sunka kwashe taki, ni ma na sani, nit tashi nik kare su. Kai ma ka san na sani, kuma ba ka tona ni ba. Mun yi daidai." Ya ja ƙofar shagon ya sa kwaɗo.

Na lallashi kaina da cewa maganar majalisa ce, iska ce. Wa yake yarda da mu? Ko 'yan jam'iyyarmu da suka yi tafi sun san ba labari nake bayarwa ba, wasa nake bugawa. Haka kuwa aka yi a gari. Ba a daɗe ba wata sabuwar badaƙala ta fito daga can sama, wannan karon ta nasu, na koma kan benci ina tsine musu da ƙarfina. Maganar iri ta bi sauran.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Kullum ina cewa za ni Isa in kai wa Gwaggo iri da kaina, kullum ina samun dalili. Hanya ba kyau, ga jarrabawar yara, ga ciwon baya. Na kuma ce a raina ai tana cikin mutanenta, ba za su bar ta haka ba, wani zai sam mata. Gaskiyar ita ce ba na son ta tambaye ni labarin irin gwamnati ina kallon fuskarta.

Sai da gero ya kusa gwiwa a gonakin bakin hanya na shirya. Na samo iri wajen wani manomi a Gangara, ina sane lokaci ya ƙure, na ɗaure a bayan babur na tafi. A zatona zan tarar sun koma, in aika mata da shi a matsayin na gyara. Kangon ya yi shiru, yawancin mutanen sun tafi. Amma ga Gwaggo a zaune a gindin bango tana tsefe wa jikarta kai, da wasu tsofaffi da marasa lafiya.

Ta yi murna da ganina, ta sa aka kawo mini ruwa. Bayan mun gaisa na ce, "Gwaggo, ya ba ki bi su ba?"

Ta ce da ruwan fari ya sauka mutanen suka haɗu suka tafi a ayari ɗaya, don ba mai bin hanyar nan shi kaɗai. Maƙwabcinta ya samo aron iri wajen danginsa a Unguwar Lalle, ya ce zai ɗibar mata, ta biya da kaka. Ta ce masa a'a, ya ba wanda ba shi da kowa.

"Don mi, Gwaggo?"

"Ai na ji ka, ɗana. Wani yaro ya kunna muna waya, nij ji muryarka, kana cewa irin gwamnati shina tahe, a kwantar da hankali. Dut sunka ce maganar 'yan siyasa ta. Nic ce musu wanga ba ɗan siyasa ba ne, ɗana ne, ni nig goye shi. In bai sani ba, ba shi hwaɗi." Ta ci gaba da tsifar kan yarinyar. "Nic ce in jira mai saurin nunan, ko na makara shi kamo nasu."

Na tambayi gonar. Ta ce ciyawa ta rufe ta, kuma yanzu ba ayarin da zai sake tafiya sai kaka. Ta kwance ƙullin da na kawo, ta ɗebi geron a tafin hannu ta duba, ta ce iri ne mai kyau, za ta ajiye wa baɗi in jikokin ba su ci ƙarfinta ba.

Ina zaune a kan bulo ina neman ta inda zan fara. Na shirya ta yi mini faɗa, na ma fi son haka. Sai ta ɗago ta dube ni, ta ga yadda fuskata ta koma, ta miƙo hannu ta dafa gwiwata.

"Kada ka sa ma ranka," in ji ta. "Kai ma ƙarya sunka yi maka, ko ba haka ba?"

Na ce, "Haka ne, Gwaggo."