Inna Uwani Mai Karanta Ƙugun Mata

Da hantsi, in ka bi ta bakin teku a unguwar Água de Meninos, nan garin Bahiya, za ka tarar da wata tsohuwa zaune kan kututture gaban kaskon ƙosai. Masu saye sun ɗauka ciniki ya zaunar da ita. Ina! Inna Uwani kallon tafiyar mata take yi. Duk mai cikin da ta gifta da tulu ko tire a ka, sai ta bi ƙugunta da ido, in ta ga abin da bai yi mata ba ta ɗaga murya: "Ke 'yar nan, zo in taɓa ki." Ba ruwanta da Bahaushiya ce ko Banufiya ko 'yar Nago, wato Bayarabiya.

Ni Zubairu maɗinki, maƙwabcinta, na rubuta wannan ne don na ji ta ce hannunta ya fara rawa, za ta bar karɓar haihuwa. Ba zan yarda ta ajiye aikin shiru kamar yadda ta yi shi shiru ba.

A gida, mace mai cikin fari wurin uwarta take komawa ta haihu. Mu da jiragen bayi suka zube a Bahiya, wace uwa za a koma wa? Teku ta raba. Ɗan ɗakin Inna shi ya zama gidan iyayen kowa, can ake naƙuda, can ake wankan jego.

Abin da ta sani, a wurin kakarta ta koya tun a Zazzau, kuma ba ta rowarsa. Takan ɗauki ƙwarya mai fasasshen gindi ta nuna wa mata. "Haka ƙashin ƙugunku yake. Ƙofa biyu gare shi. Ta sama faɗinta daga kwatangwalo zuwa kwatangwalo ne, ta ƙasa kuwa daga gaba zuwa baya. Shi ya sa ɗa ba ya fitowa a miƙe, sai ya juya a hanya, kamar yadda ake karkata gado a shigar da shi ɗaki." Sai ta dafa musu ɗan ƙashin nan na ƙarshen baya. "Wannan matsawa yake yi ya ba da hanya. In kin kwanta a kansa, kin tare ƙofa da kanki. Durƙusa, kamar yadda uwarki ta durƙusa."

Mata sun ba da shaida a kanta daga nan har unguwar Itapagipe, amma ni tawa zan bayar.

Matata Lantana ta taso cikin yunwa da dakon ruwa, ƙugunta ɗan tsukuku. Tun cikinta yana ƙarami Inna ta auna ta da tafin hannu, ta ce, "Hanyarki matsattsiya ce. Da kin ji mara ta murɗa, ki aiko mini." Lantana ta ce to. Mun riga mun fanshi kanmu, don haka abin da ke cikin nan shi ne na farko a zuriyarmu da zai faɗo ƙasar nan ba da ubangida ba.

Amma kun san Bahaushiya da kunyar haihuwar fari. Naƙuda ta kama ta da safe, ta cije leɓe, ta ɗauki tirenta ta tafi talla, wai kada a ce ta yi raki. Sai da ta faɗi a bakin kasuwa wajen azahar. Matan wurin suka ja ta cikin wata rumfa, suka shimfiɗe ta rigingine yadda suka ga ana yi wa matan Turawa a gidajen da suka yi bauta. Da kyakkyawar niyya suka yi. Kai ya fito, kafaɗa ta maƙale a bayan ƙashin mara, fuskar jaririya ta fara sauya launi.

Ni da labari ya iske ni na sheƙo, ina waje, na kama Fatiha na kasa kai ta ƙarshe. Tsoro na ji irin wanda ban ji ba ko a cikin jirgi.

Sai ga Inna a guje, hannunta duk ƙullun ƙosai. Ta wanke hannu ta shige, na jiyo muryarta: "Ku daina ja! Kai kuke son cirewa? Ku juya mini ita, gwiwa da hannu a ƙasa. Lantana, 'yar nan, yau ba ranar kunya ba ce. Yi ihu!"

Lantana ta ƙwalla ihun da ya tayar da tsuntsayen bakin ruwa. Matan da ke ciki sun ce da aka juya ta, ƙugun ya saki, Inna ta zura hannu ta baya inda ƙashi ya bar sarari, ta zaro hannun jaririya, sauran jiki ya biyo. Can sai kukan jaririya. Guɗa ta ɓarke, ta Hausa da ta Nago a haɗe, ni kuwa na zauna daɓas cikin yashi.

Inna, ke ce uwar marasa uwa. Ke ce aka ƙwace wa komai a bakin jirgi, aka kasa ƙwace abin da ke yatsunki. An kawo mu nan don mu ƙare a gonar rake, ga shi kin cika unguwa da 'ya'yanmu. Allah Ya saka miki da Aljanna, mun gode.

Ku kuma matan unguwa, Inna tana nan kan kututturenta, ƙwaryar nan ma tana nan. Ku je ku zauna gabanta tun bakinta yana magana, ku sa hannu ku koya.

Jaririyar nan yanzu ta isa ɗaukar tulu. Bahaushe ba ya kiran sunan 'yar fari, ni ma ban taɓa kira ba, sai dai in ce "ke yarinya". Amma Inna ta ce wa uwarta akwai ranar da ba ta kunya ba, kuma yau tawa ce. Sunan 'yata Uwani.