Taraktar da ta ƙi yankan ciyawa a Uhudu

Duk shekarun da na yi ina kanikanci a Madina, ranar da na bi taraktar Ammu Salihu zuwa gona ita ce ta ƙi fita daga raina. Ku da kuka shigo warsha, wato garejin nan namu, kwanan nan ba ku san ta ba. Ƙaramar tarakta ce ta lambu, irin wadda mutum ke hawa yana yanke ciyawa, jan fentinta duk ya koɗe, kuma ta girmi yawancinku. A ƙarƙashinta akwai wani faffaɗan kwano na ƙarfe, wuƙaƙe na juyawa a ciki. Bel ne ke kai ƙarfin inji ga wuƙaƙen, sifirin kuma shi ke ja wa bel ɗin ya yi tauri. In sifirin ya fita, inji zai yi ta ruri, tarakta ta yi ta tafiya, amma ko tsinke ba za ta yanka ba.

Ammu Salihu dattijon Balarabe ne, yana da gonar dabino wajen Uhudu, da ɗan filin ciyawa a gaban ɗakin baƙi inda jikokinsa ke wasa ranar Juma'a. Taraktar ta mahaifinsa ce, shi ya sa ko zancen sabuwa ba ya so a yi masa. Mai warsharmu a unguwar Sultana kuwa, Usta Babikir, Bahaushen Sudan ne, kuma duk tsohon injin da aka kawo ni yake tura wa, wai ni da su sa'o'in juna ne.

Bayan aikin Hajji aka fara kawo ta, wai tana tafiya ba ta yanka. Na leƙa, babu sifirin. Na ce ai wannan ba aiki ba ne. Na samo wani, na ɗaura, na jefa mata kwali ta yi kaca-kaca da shi, aka mayar. Ba a jima ba sai ga ta a bayan mota kuma, sifirin ya sake ɓata. Na lanƙwasa bakin sabo da filaya, na ƙara ɗaure shi da waya. Da aka sake dawowa da ita, babu sifirin, babu wayar, ko guntunta.

Nan fa kaina ya ɗaure. Na sauke kwanon gaba ɗaya, na canza boris, na auna wuƙaƙe ko girgiza ce ke cizge sifirin ɗin, ban ga komai ba. Abin da ya fi ruɗa ni, bel yana nan sabo fil, wuƙaƙe da kaifinsu kamar yadda na wasa su, cikin kwanon kuma tas, babu ko ɗigon koren ciyawa. Usta ya riƙa tsokanata wai tsufa ya fara taɓa ni, ko dai ina ɗaurawa ne a mafarki. Wallahi har na fara zargin kaina. Akwai ranar da na tofa wa kwanon addu'a kafin in rufe, don na rasa ta inda zan ɓullo masa.

Sai Ammu Salihu ya zo da kansa, ransa a ɓace. Ya ce amsa ɗaya yake so: inji lafiya yake ko ba lafiya ba? In lafiya yake, to sabon mai lambun da ya ɗauko ne ba ya son aiki, zai soke masa iƙama, wato takardar zama, ya mayar da shi ƙasarsu. Usta ya ce in hau mota in bi taraktar har gona, kada in dawo sai da magana.

Mai lambun sunansa Malam Idi, magidanci daga wajen Maraɗi, watanni kaɗan da zuwansa, kuma Larabcinsa bai wuce gaisuwa ba. Da ya ji Hausa a bakina sai da ya riƙe hannuna da hannu biyu. Na duba gonar, na ƙara shiga duhu. Dabino an gyara shi tsaf, hanyoyin ruwa a share, wannan ba aikin rago ba ne. Amma ciyawar filin ta kai gwiwa.

Na ɗaura sabon sifirin, na ce bismilla, hau. Ya ce mu sha shayi tukuna. Muka sha. Na ce to hau, ya ce cikinsa ke murɗa. Haushi ya kama ni, na hau da kaina, na ja layi ɗaya har ƙarshen fili, ciyawa na zuba lafiya lau. Da na waiwayo sai na ga mutumin ya juya wa filin baya, yana ta istigfari kamar wanda aka yi ɓarna a gabansa.

Na shiga ɗakinsa neman ruwan wanke hannu. Ina ɗaga kai sai ga sifirina a jere a jikin ƙusa, an shafa musu mai don kada su yi tsatsa, ga wayata an naɗe ta an rataye a gefe. Na fito da su na ce, "Malam Idi, me na yi maka? Ka kusa sa ni hauka!"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ka yi mini gafara. Tun a gida malaminmu ya ce ciyawar haramin Madina ba a yanke ta. Ga dutsen Uhudu ina kallo. Na baro 'ya'yana don in ci halal, in zo garin Manzo kuma in ɗauki zunubi da hannuna? Ban iya gaya wa maigida, ban iya hawa, shi ya sa nake cire sifirin."

Ni ma na san da wannan magana, kowa a garin nan ya san ta, amma ban taɓa haɗa ta da sana'ata ba. Na tuna injinan yankan ciyawa da suka bi ta hannuna, duk ni na wasa wuƙaƙensu. Ga layin da na yanka yanzun nan yana kallona. Na zo warware ruɗani, sai ga mu mu biyu tsaye a rana, duk a ruɗe.

Na kira Malam Nura a waya, ɗan unguwarmu ne a Kano da ke karatu a jami'a, tare muke salla a unguwar Al-Sih. Ya saurara, ya yi 'yar dariya, sannan ya yi bayani a natse. Ya ce hanin yana kan abin da ya tsiro da kansa ne, amma abin da mutum ya shuka ya ba shi ruwa, babu laifi a yanke shi. Malam Idi bai yarda da saƙo ba, sai da ya karɓi wayar ya ji da kunnensa. Ya kuma tambaya, to tsirran da ke bin gindin katanga fa, waɗanda ba wanda ya shuka? Malam Nura ya ce waɗannan ya bar su.

Saura Ammu Salihu, yana zaune a inuwa yana jiran amsarsa. In na ce inji lafiya, Idi ya tafi gida. In na ce ba lafiya, na yi ƙarya. Na ajiye sifirin ɗin nan a gabansa, na kwashe labari duka na faɗa masa da Larabcina na warsha.

Dattijon ya tashi da sandarsa, ya yafito mu, muka bi shi har gindin katanga inda ƙaya da 'yan tsirrai suka cunkushe. Ya ce mahaifinsa bai taɓa barin taraktar ta kai nan ba, shi kuma tun yana yaro ya ɗauka saboda duwatsu ne. Ya ce, "Gaya masa ya yanke tsakiya, ya bar nan yadda Allah ya tsirar da shi. Kuma ba inda za shi."

Da na fassara, Malam Idi ya durƙusa ya yi hamdala, sannan ya tashi ya hau taraktar ba tare da kowa ya ce masa hau ba.

To, ku yaran yanzu, in aka kawo muku inji kuka leƙa ƙarƙashin kwano kuka gan shi tas, ku ajiye sufana, ku je ku gaisa da mai hawansa. Ni sai da na canza boris lafiyayye kafin in koyi haka. Malam Idi yana gonar har yau, kuma tarakta ba ta sake yar da sifirin ba.