Na toshe hancin ɗakin Kaka

A ƙauyukan bakin Gulbi, daga Tibiri har Jiratawa, ban san wani gidan gona na dutse ba sai namu. Kakanmu namiji ya gina shi tun ba a haifi uwata ba. Marmara ya haƙo a tudu, jakai suka kwaso, ya jera ta da laka zalla. Kaurin bangon kamu biyu ne. Rufin azarar giginya ce da ƙasa, kuma a ƙarƙashinsa ya bar 'yan kafofi kewaye da ɗakin, kowace iyakar hannun yaro. Kafofin nan ne Kaka Ladi, matarsa, take kira hancin ɗaki. Da rani ka shiga sai ka ji kamar cikin randa.

A gindin bangon nan Kaka take hura wuta lokacin sanyi, mu jikoki mu kewaye ta. Ni kullum ina kusa da ƙofa, don ina tsoron tartsatsi ya kama zanen wani.

"Matso, angona," take ce mini, "wutar ga ba ta cin matsoraci." Sai ta bugi bango da tafi ta ce, "Ga wata ta fito daga dutse." Mu ce ta zo, kunnuwa na nan.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta kura ce. Kura ta gaji ramin dabgi mai kafofi bakwai. Shekarar yunwa ta samu mushen raƙumi ta ja shi ciki, amma tana tsoron maƙwabta su ji ƙanshi su zo roƙo. Sai ta kira zanzaro, mai ginin laka, ta ce ya toshe kafofin duka. Ya toshe. Kwana uku naman ya kumbura ya yi tsutsa, kura ta kasa ci, ta kasa numfashi, ta fasa ƙofa ta fito tana amai a gaban waɗanda ta ɓoye wa.

"Ɗaki ma rai gare shi," in ji Kaka. "Ku tashi, ta koma cikin dutse."

Na bar lakwal a aji shida na koyi gini. Zamanin soja, da fari ya sake dawowa, ina magidanci da 'ya'ya biyu kuma ba aiki. Kawu Alhaji Idi, ƙanen uwata, ɗan kasuwa ne a Maraɗi. Ya ɗauke Kaka ya kai ta gidansa a unguwar Zariya, sannan ya aiko a kira ni.

"Gidan can abin kunya ne, kamar kogo. Ka kware rufin ka sa kwanon tol, ka shafe bango da siminti ciki da waje. Ramukan nan kuwa kada in ga ko ɗaya."

Na ce, "Kawu, dutsen laka ba ya son siminti. Danshi zai rasa hanya."

"Danshi? Ana fari kana zancen danshi? In ba ka iya ba, magina sun cika tasha."

Na kwana biyu ina juya abin, sannan na yi. Da hannuna na tsinke azarar da ko gara ba ta taɓa ba, aka yi makamashi da ita. Na toshe kafofin ɗaya bayan ɗaya. Aka shafa fenti kore shar, aka sa ƙofar ƙarfe. Kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo buhunan hatsin Kawu aka jera har rufi, a ɓoye, don soja na kama masu ɓoye abinci.

Gidan a kwari yake, ƙasarsa ba ta taɓa bushewa sosai ba. Bayan ɗan ruwan da aka samu, Kawu ya ce in zo in duba simintin da ke ɓarewa. Da aka buɗe ƙofar sai da wari ya sa na ja da baya. Bango na zufa, buhunan sun yi baƙi sun manne da juna, hatsin ya dunƙule da funfuna, ƙwari na tafasa a ciki. A hanyar da na biyo, mata na tonon gidan tururuwa don 'yan ƙwayoyi. Mu kuwa rami muka haƙa bayan gida muka binne shi. Kawu na toshe hanci da bakin babbar riga yana cewa mu yi sauri.

Daga nan na je gaishe da Kaka. Ta shinshina rigata ta kawar da kai.

"Kai ka toshe?"

"Ni ne, Kaka."

Ba ta sake kirana angonta ba har ta rasu.

Muna yara kura muke yi wa dariya, ba wanda ya taɓa tambayar abin da ya sami zanzaro. Yanzu shi nake tunani. Na tambayi malamai uku. Biyu sun ce alhakin na mai hatsi ne, ni ɗan aiki ne kawai. Na ukun ya tambaye ni ko na san abin da zai faru. Na ce na sani. Sai ya ci gaba da jan carbinsa.