Bangon Arewa na Gidan Goggo Filomena

Goggo Filomena Armijo yayar mahaifina ce, gajeruwa mai kaifin baki, kuma duk kwarinmu na gefen birnin Albuquerque babu macen da ta kai ta iya yaɓe. A wajenmu maza ke buga tubali, mata ke yaɓe. Kowace shekara in an gama tsinkar barkono, sai ta kwaɓa laka da karan alkama, ta bi bangon gidan gonar kakanninmu da tafin hannu, ta goge da fatar tunkiya har ya yi sumul. Gidan ya haura shekara ɗari da hamsin, kaurin bangonsa ya kusa kamu biyu.

Shekarar da sanyin ƙashi ya murɗe mata yatsu, ta tafi zaman jego wajen 'yarta. Tausayi ya kama mijinta, Baba Onofre, ya sayo siminti ya shafe bangon arewa wai ya hutar da ita. Da ta dawo, wata guda ba ta yi masa magana ba. Bangon ƙasa numfashi yake yi. In ka rufe shi da siminti, damshi zai shiga ya rasa hanyar fita, ya cinye shi ta ciki. Baba Onofre ya rasu simintin na nan, ita kuma ta kasa ɓamɓare aikinsa na ƙarshe.

Gari ya yi ta matsowa. Ya cinye makiyaya, ya cinye gonar masara, har muka wayi gari tsakanin gidan mai da wurin wankin mota. Ni da 'ya'yana mata biyu muke zaune da ita lokacin da takardar hukuma ta zo: sabon titi zai ratsa ta tsakar gidanmu. Amma in injiniya ya duba ya ce ginin lafiya lau yake, za a karkata titin, a bar gidan don tarihi, 'yan makaranta su riƙa zuwa gani.

Ranar da zai zo na tare ta a kicin.

"Goggo, don Allah yau ki ɗinke bakin nan. Ya sa hannu ya tafi, mu gyara daga baya."

"Da wane hannun za a gyara, Rosenda? Naki da ko tuwon masara bai iya tuƙawa?"

Injiniyan wani dogon saurayi ne mai suna Halvorsen, ga ladabi. Ya zaga bango uku na Goggo yana ƙwanƙwasawa da 'yar guduma, yana ɓata fuska saboda ƙasa na ɗan zubowa. Ni kuwa ina biye da shi. Da ya iso bangon arewa ko taɓa shi bai yi ba, ya washe baki.

"Yawwa! Iya, wannan shi ne bango. Da haka kuka yi wa sauran, ai da ban ɓata lokacinku ba."

Ya ɗora takardar a kan gwiwa, ya zaro biro. Na damƙi hannun Goggo na matse. Saura ƙiris!

"Ɗan nan," in ji ta, "a makarantar taku ba a koya muku ɗaga kai? Itatuwan rufin nan a kan me suke zaune?"

"A kan wannan bangon, Iya."

"Ara mini gudumar."

"Goggo!" na ce.

"Sake ni, ke. So kike ya faɗo kan 'ya'yan mutane, a ce gidan Filomena ne?"

Da hannu biyu ta riƙe gudumar, don ɗaya ba ya riƙo. Bugu na uku simintin ya fashe, jiƙaƙƙiyar ƙasa ta kwararo kamar kunu har kan takalminsa. Ya zura hannu cikin ramin, ya shige har gwiwar hannu. Ta roƙe shi ya ba ta rani ɗaya ta tara mata su tayar da bangon. Ya sunkuyar da kai ya ce ba shi da wannan ikon.

Na ji haushinta ƙwarai, har na yi kuka. Har yau ban san ko tsoron Allah ne ya sa ta ba, ko kuwa jin an yabi siminti a gabanta.

Hukuma ta ce a rushe gidan, muka koma haya a cikin gari. Ranar rusau ta ƙi zuwa, ni na je. Da na dawo tana zaune bakin taga, ko juyowa ba ta yi ba.

"Wanne ya fara faɗuwa?"

"Na arewa. Katafila na jingina da shi ya zube."

"Nawa ukun fa?"

"Sai da suka yini a kansu, Goggo. Har direban ya sauko yana zage-zage."

Ta daɗe tana kallon yatsunta.

"To," ta ce, "ɗora mana ruwan kofi."