Hannun Indo Mai Banda

Duk wanda ya taɓa gangarawa bakin ruwa a Wara ya san rumfar Indo, ko da bai san sunanta ba. Ita ce ta ƙarshe kafin inda ake ɗaure jirage, wadda hayaƙi ya mayar da ginshiƙanta baƙi wuluk. A nan take bandar kifi tun tana budurwa. Uwarta ta yi, kakarta ma ta yi a tsohon garin da ruwan tafki ya shanye. Mijinta Ya'u ke shiga ruwa, ita ke tarbar abin da ya kamo, tarwaɗa da kurungu da gargaza, wani lokaci har giwan ruwa in rabo ya rantse. Ta wanke, ta lanƙwasa, ta jera a kan ragar waya, ta hura itacen ƙirya a ƙasa.

Amma ba kifin ne ya fi fito da sunanta ba, hannunta ne. Sauran mata da tsinke ko tsumma suke juya kifi a kan wuta, Indo da yatsunta. Garwashi ya faɗo, ta ɗauka ta mayar tana ci gaba da hirarta. Tafin ya yi kanta kamar gindin tsohon akushi, ƙayar kurungu ta bar masa tabo ko ta ina. Saboda wannan hannun ne ta zama mai wankan jegon unguwa ba tare da kowa ya naɗa ta ba. Ruwa na tafarfasa za ta tsoma damin ganyen darbejiya har wuyan hannu, ta fiddo ta fyaɗa wa mai jego. Ta gama, ta wanke jariri, sannan ta kanga tafinta a kan garwashi har ya ɗauki zafi, ta ɗora a cibiyarsa tana dannawa a hankali. Gidan Musulmi, gidan Kirista, gidan masu tsafi, duk ta shiga. Cikin yaran da ta gasa wa cibiya, yau wasu na tuƙa jirgin inji, wasu na koyarwa a firamare.

Nata 'ya'yan ne ba su tsaya ba. Ta haifa, ta binne, ta sake haifa, ta sake binnewa, har Allah ya bar mata Nusaiba ita kaɗai. Nusaiba ta yi boko, ta auri wani malamin makaranta a Yelwa mai suna Lukman. Da labari ya zo cewa tana da ciki, kuma gida za ta zo haihuwa kamar yadda ake yi a na fari, Indo ta rasa inda za ta sa kanta. Ta sayi sabuwar tukunya, ta ware itace mai kyau ta hana kowa taɓawa. Ta wanke jikokin mutane ba adadi, yanzu ga nata na zuwa, kuma ba ta da wani buri a duniya da ya wuce ta wanke shi da hannunta.

To, ka ji inda tsiyar ta faro. Cikin na wata biyar Nusaiba ta zo ganin gida. Indo ta kai hannu ta shafa cikin, sai kaushin tafinta ya kama zaren mayafin yarinyar, ya ja shi ƙiii. Nusaiba ta fashe da dariya.

"Kai, Inna! Wanga hannu naki ai sai ya ɗaye ma jariri fata. Lukman ma cewa ya yi ko dai a bar ma yayarshi wankan."

Indo ta yi dariya ita ma, ta ce Lukman ya ci gidansu. Amma maganar ta zauna mata a ƙirji daram. Yayar Lukman! Matar da ko shayi sai ta hura kafin ta sha! Bayan kwana kaɗan ta karɓi wayar Ya'u ta kira ɗiyar, ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta tambaya wai ko akwai abin da 'yan birni ke shafawa hannu ya yi laushi. Nusaiba ta ji daɗi har da tafi. Ta ce tana da ƙawa Hafsat mai haɗa mayuka tana sayarwa ta waya, kuma duk matan ma'aikata wurinta suke saye.

Da motar kasuwa ta gaba sai ga leda ta iso. Jama'a, Indo ta ɗauka kwalba ɗaya za ta gani! Ta zazzage a kan tabarma ta yi tagumi. Ga sabulu na safe, ga sabulu na yamma, kamar dauɗar safe daban take da ta yamma. Ga wani mai tsakuwa-tsakuwa na gurzawa. Ga wani ruwa a 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba, wai ɗigawa ake yi. Ga wani fari, ga wani rawaya mai warin lemun tsami, ga wani wai shi ke tsare rana. Ita kuwa Indo duk rayuwarta sabulun salo da man kaɗe ne, shi ma sai ranar Juma'a.

Tunda ba ta karatu, sai Nusaiba ta riƙa turo bayani da murya a wayar Ya'u. Shi kuma Ya'u, Allah ya shirye shi, bai san yadda ake rage ƙara ba. Yana tsakiyar masunta suna ɗinkin koma zai danna, sai ka ji muryar Nusaiba ta cika bakin ruwa: "Baba, ka ce ma Inna in ta gurza ta jira ya bushe kafin ta ɗiga. Kuma in za ta kwanta ta sa rawayan, ta ɗaure hannun cikin leda." Kafin azahar babu wanda bai sani ba a Wara. Sharuɗɗan kuwa, sai wanda ya ji: kar ta shiga rana, kar hayaƙi ya taɓa ta, kar ta kusanci wuta. A gaya wa mai banda kar ta kusanci wuta! Ita Hafsat ɗin a ina take zaton ana gasa kifi, cikin firji?

Asibi ce ta fi kowa cin moriyar abin. 'Yar ƙabilar Kambari ce, Kirista, bandarta na jikin ta Indo, katangar gidajensu ɗaya, tare suka yi 'yan matanci kuma tare suka tsufa suna tsokanar juna. Nata hannun ya fi na Indo muni, har tsagewa yake yi.

"Indo, miji za ki sake ne ba mu da labari?" in ji ta. "Ki gaya mani in fara tara gudummawa."

"Ke dai ki ji da tarwaɗarki, tana ƙonewa."

"Mi ya samu man kaɗe? Da shi anka shafe ki, da shi kinka shafe Nusaiba."

Indo ta san gaskiya ce, shi ya sa ta ƙara jin haushi. Ta yi tsaki ta juya baya.

Da farko ta so haɗa biyun, ta shafa da asuba ta fita banda da hantsi. Sai ranar kasuwa Madam Blessing ta zo, wata 'yar kudu da ta shekara da shekaru tana sayen kifin Indo kwali-kwali ba tare da ta buɗe ba. Ranar dai ta buɗe, don ƙamshin ya riga ya fito. Ta ɗauki tarwaɗa ɗaya ta shinshina, ta yamutsa fuska.

"Mama Nusaiba, wannan kifi biki za shi? Wa zai sa turare a miya?"

Ta ture kwalin ta wuce rumfar gaba. Tunda Indo take ba a taɓa mayar mata da kifi ba. Ta tsaya tana kallon kwalin, kunya kamar ƙasa ta tsage. Mai hankali a nan zai kwashe kwalaben ya watsa a tafki. Indo kuwa sai ta tuna yayar Lukman, ta kashe wutar bandarta, ta ce wa Ya'u ya riƙa sayar da kamunsa ɗanye har a haihu.

Haka ta koma zaman gida, karo na farko a rayuwarta. Mace mai ƙarfi, tana zaune a inuwa da hannu cikin leda kamar ƙullin alala, tana jiyo hayaƙin bandar wasu. Ta gurza, ta jira, ta ɗiga, ta jira, ta shafa. Tana yi tana mita, tana zagin Hafsat da wanda ya ƙirƙiro waya, amma ko sau ɗaya ba ta tsallake ba.

Kuma hannun ya yi laushi, wannan ba ƙarya. Kantar ta ɓare ta zube, tafin ya yi ja, bayan hannun ya yi fari dabbare-dabbare, gaɓoɓin yatsu suka tsaya baƙi. Jijiyoyi suka fito kore shar. Ya fara ƙaiƙayi da raɗaɗi. Aka tambayi Hafsat, ta turo murya tana cewa ai alamar yana aiki ke nan, tsohuwar fata ce ke fita, a ƙara rawayan. Ya'u ya duba ya ce shi dai wannan hannun bai san shi ba, kamar na baƙuwa. Wata rana Indo ta zo sauke tukunyar tuwo kamar yadda ta saba, ta sake ta da sauri har miya ta zube. Ta waiga, babu wanda ya gani, ta nemi tsumma ta yi shiru da bakinta.

Nusaiba ta zo da wata tara, ta sauka lafiya a asibitin garin, mace. Washegari da sassafe aka ɗora sabuwar tukunyar a kan itacen da aka ɓoye. Mata sun cika tsakar gida, mai jego na zaune a kan turmi a bayan ɗaki. Ruwa ya tafasa. Indo ta ɗaura zane a ƙirji, ta yi bismillah, ta kama damin ganye ta tsoma.

Ƙarar da ta yi, har bakin ruwa an ji. Matan suka daskare, don babu wadda ta taɓa jin Indo ta ce wash a kan wuta. Ta fizgo hannun, kan ka ce me ya tashi ƙuraje fal ruwa, fatar wuyan hannun ta saluɓe. Ta cije leɓe ta ce ba komai, a miƙo mata jaririyar, ko cibiyar ce ta gasa da na hagu. Ta kai tafin kan garwashi, tun bai kusa ba zafi ya fi ƙarfinta, ta janye. Ta sake kaiwa, ta sake janyewa. Jaririya na tsala kuka, mai jego na jira, ruwa na hucewa, kowa ya zuba mata ido. Hawayen takaici suka zubo mata. Ta juya ta fuskanci katangar gidan Asibi.

"Asibi!" ta kira. "Asibi, ki zo ki wanke mani ɗiyata."

Asibi ta shigo, dawowarta ke nan daga banda, tana warin hayaƙi. Ta dubi hannun Indo, ta dubi fuskarta, kuma ranar ba ta yi tsokana ba. Ta wanke hannu da sabulun salo, ta tsoma ganye ta yi wa Nusaiba wanka. Ta karɓi jaririyar da wannan baƙin hannu mai tsaguwa, ta wanke ta tas, ta kanga tafi a wuta ta ɗora a cibiya. Yarinya ta yi lamo ta yi barci. Ko ƙwarzane ɗaya babu a jikinta.

Sai da aka natsa Nusaiba ta ga abin da ya samu uwarta. Ta kama kuka.

"Inna, wallahi wasa nike maki ran nan. Lukman bai ce komi ba, ni na ƙara don ki yi dariya. Wa zai wanke mani ɗiya in ba ke ba?"

"Wasa," in ji Indo. Ta daɗe tana kallon hannun. "To, ai na yi dariyar."

Malamar asibiti ta naɗe hannun, ta yi faɗa sosai, ta ce ko ruwan ɗumi kar ya taɓa shi sai ya warke. Haka Asibi ta riƙa zagayowa safe da yamma har aka yi arba'in. Ran suna aka sa wa yarinya A'isha, sunan Indo na yanka, mata suka yi ta guɗa suna taya ta murnar takwara, ita kuwa tana zaune da hannu a naɗe, ko ɗaukarta ba ta iya yi sai an ɗora mata a cinya. Kwalaben Ya'u ya wanke su ya ɗaura wa ragarsa suna yawo a kan ruwa, ya ce yanzu ne suka sami aikin yi.

Indo ta koma banda, Madam Blessing ta dawo sayen kifinta. Sai dai da tsinke take juyawa yanzu, kamar yarinya mai koyo, in garwashi ya faɗo ta nemi cokali. Asibi ta ce kantar za ta dawo, Indo ta ce ta sani, amma ta dawo ta yi wa wa?

Ranar da Lukman ya zo ɗaukar iyalinsa, an gama loda kaya a mota, Indo ta ce a ba ta yarinyar. Ta shiga ɗaki da ita ita kaɗai, ta ɗaga 'yar rigar ta duba cibiyar da duk kwanakin nan ta ƙi kallo. Ta warke sumul, ta shige ciki daidai yadda ake so. Indo ta juya ta ta nan, ta juya ta ta can, tana neman abin kushewa, ba ta samu ba.

Da motar ta tashi, Asibi na tsaye a ƙofar gida.

"Kin duba?" in ji ta.

"Na duba."

"Ya yi?"

"Ya yi," in ji Indo. Ta ɗauki tsinkenta ta nufi bakin ruwa.