Giyar da ta sha hayaƙi

Tsoho Barmo ya kurɓa, ya rufe ido, mu kuma muka riƙe numfashi.

Ƙauyen Jiratawa muka je, na raka ɗan ƙanena Isufu neman auren ɗiyar Barmo, malamar asibiti. Barmo manomi ne mai bin addinin kakanni, harshensa ya san burkutu tun kafin a haifi Isufu. Yaron ya kai masa giyar wuski daga ƙasar Ekos, can Turai. Ni ba na sha, kallo na je.

Isufu ya yi ta bayani. Wai ganga guda ce tak, wani ya saye ta ya ɗura a kwalabe, kuma da gangan ake turara hatsin da hayaƙin ƙasar fadama.

Barmo ya buɗe ido.

"Yaro, giyar ga ta ƙone. Mai dafawar ta tafi hira ta bar tukunya bisa wuta."

"Baba, hayaƙin ne tsadarta."

"Haka suka ce maka? Ka kuwa yarda?"

Ya juyo gare ni. "Alhaji, na ba shi. Wanda ake cuta haka, in babu ɗiyata kusa, wata rana toka za su sayar mai."

Har muka iso Maraɗi Isufu bai san ko murna zai yi ba. Jama'a, ku me za ku ce masa?